Gurbin Sunana a Bakin Dada

Ranar sadakar bakwai ɗin Dada ina cikin ɗaki na ji ɗana Bello a tsakar gida yana yi wa abokinsa bayani, wai kakarsu har ta koma ga Allah ba ta yafe wa uwarsu waƙa ba, shi ya sa ko sunanta ba ta kira. Yana faɗa da muryar nan tasa ta ɗan jami'a wanda ya gama sanin komai. Ban fito na gwale shi ba, don gidan cike yake da masu ta'aziyya, amma maganar ta tsaya mini a rai. Na ce tunda haka kuka ɗauki abin, kai Bello, da ke Fa'iza, da ke babbarsu, to dole in zauna in rubuta muku shi yadda ya faru, tun furfurar nan ba ta gama da kaina na fara mantuwa ba. Ba zan ba ku labarin kyaututtukan da ke jere a falo ba, kun gaji da goge su. Labarin shekara guda zan ba ku, shekarar da na bar gidanmu na unguwar Shamaki.

Ni ce 'yar fari a wurin Dada, ita kuma Bafulatana ce ta asali, wadda aka rena da kunya tun tana goye. A wajensu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta shiga maganarsa a gaban mutane. Ƙannena kuwa in ta ƙwala musu kira har maƙwabta sai sun ji. Ni sunana a bakinta ke, ko wannan, in ranta ya yi daɗi kuma yarinyar nan. Na taɓa faɗuwa daga kan katanga na fasa goshi, tana tsaye tana kallo, sai ta leƙa gidan maƙwabta ta ce su zo ga wata can ta ji ciwo. Na san al'ada ce, kowa ya gaya mini, amma sanin kai daban, abin da zuciya ke so daban. Na tashi da yunwar jin sunana, kuma ina jin wannan yunwar ce ta kai ni gaban makirufo.

Sana'ar Dada tuyar masa ce, kuma bayan rasuwar mahaifinmu da ita ta riƙe mu. Kun ci masarta, ba sai na yi muku kirari ba. Abin da ba ku lura da shi ba shi ne hannunta. In ta zauna gaban tanda, zuba ƙullu da juya masa da ƙwanƙwasa cokali a gefen tanda duk a kan awo ɗaya suke tafiya, ba ta gaba ba ta baya. Masu hira da ni a rediyo sun sha tambayata wa ya koya mini zama a kan kiɗa, suna jira in ambaci wani Ba'amurke. Sai in ce musu tanda, su yi dariya su ɗauka barkwanci nake yi.

Ni ke kai masa shaguna da safe, kuma cikin masu saye akwai Oga Chidi, wani Ibo mai gyaran rediyo da talabijin, wanda ya zo Gombe tun yana saurayi har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. A bayan shagonsa yana da wani ɗan ɗaki da ya manna wa katifu a bango, da fiyano da makirufo guda, samari na zuwa suna ɗaukar waƙa. Kullum na je sai in tarar ya sa kaset ɗin wasu maza suna zuba Turanci da sauri a kan kiɗa. Wata safiya na ajiye tire na ce masa in dai wannan ce waƙar, ai ni kullum ita nake yi a wajen talla, kuma tawa ta fi ma'ana tunda ana jin abin da nake cewa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya miƙo mini makirufo don in ji kunya. Da na gama sai ya mayar da kiɗan farko ya ce in sake.

Daminar shekarar ce kwari ya yi mana ɓarna. Ruwa ya yi ta zaizayar ƙasa a bayan unguwa har gidaje suka fara ruftawa ciki, mutanen da muka sani suka kwashe tukwanensu suka koma raɓe a gidajen dangi. Manya suka zo da motoci, suka tsaya a bakin ramin suka yi jaje, suka tafi. A kan wannan na yi waƙata ta farko, kuma amshinta kun san shi tun kuna shan nono:

Kwari ya ci katanga, ya haɗa da rijiya,
Ya ci ɗakin amarya, ya kori tsohuwa,
Masu manyan riguna sun leƙa sun juya,
Ni ce Hajara, bakina ba ya ajiya.

Oga Chidi ya kai wa wani mai shirin matasa a rediyo, aka sa. Kafin ka ce kwabo, 'yan acaɓa na yi, masu tura ruwa a kura na yi, mata a layin famfo na yi. A lokacin mace ta yi irin wannan waƙa da Hausa, a Gombe, ta kuma faɗi sunanta da bakinta, ba a saba ji ba. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi ya kusa kashe ni. In na bi layi na ji an ce ni ce Hajara, sai in ji kamar an biya ni bashin duk kiran da ba a yi mini ba.

Sai maganar ta kai kunnen Bappa Umaru, yayan mahaifina, wanda gidan ke hannunsa. Kada ku ɗauke shi mugu, mutum ne mai tsare mutuncin gida, kuma da gaske yake tsoron abin da za a ce da marayun ƙaninsa. Wanda ya kai masa labarin kalma ɗaya ya faɗa ta lalata komai, ya ce 'yarka ta zama 'yar gambara. Haka ake kiran irin waƙarmu da Hausa, gambarar zamani. Shi kuwa Bappa gambarar da ya sani ita ce ta mutanen nan da ke bin kasuwa da ganga suna zagin jama'a da batsa har a ba su wani abu su yi shiru. Na yi ƙoƙarin gaya masa tawa daban ce, sunanta hip-hop. Ya ce ko hof-hif ce, shi dai gambara ya ji, kuma a zuriyarsu ba a taɓa yin maroƙi ba, balle maroƙiya.

Ya tara mu bayan la'asar a tsakar gida. Aka aika unguwar Malam Inna aka kira Goggo Adama, ƙanwarsu shi da mahaifina, wadda mijinta ya rasu take zaune ita kaɗai. Dada na gefe a kan tabarma tana tsince shinkafar ƙullun gobe. Bappa ya yi dogon jawabi a kan asali da mutunci, ya ce in bar waƙa. Ni kuma jinina na tafasa, ga ƙuruciya, na ce ban zagi kowa ba, ban roƙi kowa ba, gaskiyar kwari na faɗa. Sannan na yi maganar da na san ita ce ƙarshe. Na ce a duniya mutum ɗaya ne zai ce in bari in bari, ita ce wadda ta haife ni, in ta buɗe baki ta ce in daina, wallahi ba zan ƙara taɓa makirufo ba. Da gaske nake, kuma Bappa ya san da gaske nake. Duk abin da na zama daga baya, a wannan lokacin yana kan harshen Dada. Bappa ya juya wajenta.

"To, kin ji. Ki kira ta ki gaya mata."

Dada ba ta ɗago ba. Ta ja mayafinta ta rufe gefen fuska, ta ci gaba da tsintar shinkafa, a haka ta amsa.

"Yaya, yaushe ka taɓa jin na sa baki a maganar wannan? Ba tawa ba ce. Ta kakanninta ce, su kuma sun riga mu gidan gaskiya."

Bappa kuwa shi ne kullum ke yabon Dada a gaban matan gida, yana cewa su koyi kunya a wurinta. Ya za a yi yau ya ce ta ajiye kunyar? Sai ya juyo kaina da fushin da ya rasa inda zai sauke, ya ce to in zaɓa, ko waƙa ko gidansa. Ni kuwa ban ma ji shi sosai ba. Kalma uku ce ke yi mini amo a kunne, ba tawa ba, ba tawa ba. Na yi zaton ranar da aka zo kan rayuwata gaba ɗaya, ko sau ɗaya za ta manta da al'ada ta ce wani abu, ko hani ne. Na shiga ɗaki na ƙulle kayana a zani, hawaye na zuba, na fito. Goggo Adama ta karɓi ƙullin ta ɗora a kai ta ce mu tafi. Har muka fita Dada na tsintar shinkafa.

Zaɓin nan ya ci mini abubuwa, kuma ina so ku sani. Malamin makarantar da ke nemana, har an fara maganar kai gaisuwa, ya janye ba ko sallama. Bappa ya hana ƙannena zuwa inda nake, ya ce kada ƙafata ta wuce zaure. Da Allah ya kawo mahaifinku daga baya, Bappa bai tsaya a matsayin waliyyina ba, sai wani ƙaninsu na nesa aka nema. Ƙanwata da na goya ta yi aure, ina Malam Inna ina jin labarin biki a bakin mutane. Duk wannan na ɗauka, don na san ban yi abin kunya ba. Abin da ya fi ƙarfina shi ne maganar Dada. A gidan Goggo na tarar an share ɗaki an shimfiɗa sabuwar tabarma, amma zafin rai bai bar ni na tambayi yadda aka yi ta san za ta dawo da baƙuwa ba.

Aka kwashi watanni ina waƙa, sunana na ƙara tashi, cikina kuwa ba daɗi. Wata safiya kwaɗayin masar gidanmu ya taso mini, ko in ce kwaɗayin ganin mai masar. Na ari dogon hijabin Goggo da niƙabi, na ɗauki kwano na hau acaɓa zuwa Shamaki. Dada a zaure take tuya, inda masu saye ke tsayawa, don haka ban karya dokar Bappa ba. Na tsaya a bayan mata biyu ina jiran layi. Tana sunkuye a kan tanda, hayaƙi na tashi, sai na ji tana wani gunaguni ƙasa-ƙasa. Na ɗauka tasbihi take yi. Da matan suka tafi na matsa kusa, sai na ji kwari ya ci katanga, ya haɗa da rijiya.

Waƙata ce a bakin Dada. Da Hausarta mai ƙamshin Fulatanci take yi, tana zuba ƙullu a kan awon kiɗan, ba ta tsallake kalma ko ɗaya ba. Na kasa kunne ina jiran layin ƙarshe, ina cewa yau dai zan ji. Ta zo wurin ta ce ni ce, sai ta yi shiru, ta buga cokali a gefen tanda, ƙwas, ƙwas, ƙwas, sannan ta ɗora da bakina ba ya ajiya. Ha, ja, ra. Ba ta faɗi sunan ba, ba ta kuma yarda wata kalma ta zauna a wurinsa ba. Ta sake zagayowa amshin, ta sake yin haka.

A tsaye a wurin, cikin niƙabin aro, zaman la'asar ɗin nan ya dawo mini gaba ɗaya, na gan shi ta wata fuska. Da Dada ta ce in daina, da na daina. Da ta ce in ci gaba, da ta yi wa yayan mijinta tsaurin ido a gidansa, ga ƙannena ƙanana a ƙarƙashin inuwarsa. Sai ta ɗauko kunyar nan da na tsana tun ina yarinya ta tare mini hanya da ita, ta miƙa ni ga matattu waɗanda ba za su tashi su hana ni komai ba. Na miƙa kwano. Ba ta dubi fuskata ba, ƙafafuna ta kalla. Ta ture masar da ke sama, ta zaɓo mini masu ƙone-ƙonen gefe, waɗanda nake rigima a kansu tun ina ƙarama, ta cika kwanon. Na miƙa kuɗi ta yi kamar ba ta gani ba.

"A gaida Adama," in ji ta. "A kuma ce wa mai waƙar nan ta riƙa cin abinci. Muryarta ta yunwa ce."

Da na koma na tsare Goggo da tambaya. Ta yi dariya ta ce ai tun kwana biyu kafin zaman Dada ta aika mata cewa ta share ɗaki, akwai wata mai taurin kai da za ta zo. Kaset ɗin ma Dada ce ta sa ta sayo mata, tana sawa a rediyon mahaifinmu in Bappa ya tafi kasuwa.

Washegari na shiga shagon Oga Chidi da tsohuwar tandar Goggo a kai da cokali a hannu, na ce za mu sake ɗaukar waƙar, a cire sunana a sa bugun cokali a gurbinsa. Ya dube ni kamar na zare.

"Hajara, kowa yana faɗa don a san sunansa, ke kina cire naki? Mutane za su ce kaset ya lalace."

Na ce ya dai kunna. Gaskiyarsa kuwa, wasu sun dawo da kaset suna cewa akwai inda murya ke ɗaukewa, ya yi ta yi mini mita. Amma ranar da na fara hawa dandamali da sabon salon, a wani taron ɗalibai mata, na zo ni ce, na ɗauke makirufo daga bakina, cokali ya fara bugawa a lasifika. Sai ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka, Ha-ja-ra, har sai da na ji shi a tafin ƙafata. Tun daga ranar ban ƙara faɗar sunana a waƙa ba, kuma ban taɓa hawa dandamalin da aka bar gurbin nan babu kowa ba. An cike mini shi a Kano, an cike a Jos da Abuja, an cike a Yamai. Mazan da suka ce mace mai mayafi da kambas ba za ta yi shekara ba, yawancinsu sun koma sayar da waya, ni ina nan. Yanzu ina ganin yara mawaƙa suna barin gurbi a waƙoƙinsu suna cewa salon ƙasar waje ne. Ina ƙyale su, amma ku dai ku sani daga soron gidanmu na Shamaki ya fito, kuma mai shi ba ta taɓa taka dandamali ba.

Bappa ya sauko a hankali, yadda tsofaffi ke yi, ba tare da ya ce ya sauko ba. Ranar sunan wata jikarsa ya gan ni a zaure ya ce me nake yi a tsaye kamar baƙuwa, na shiga. Har ya rasu gambara yake kiran aikina, ni ma na daina gyara masa. Dada kuwa ba ta taɓa zuwa wasana ba, ba ta taɓa ce mini na yi ƙoƙari ba, kuma abin da kuka gani ke nan kuka yanke hukunci. Ba ku kasance a asibiti ba da hantsin ranar da ta cika. Ma'aikaciyar jinya ta tambaye ta ko ta gane wadda ke riƙe da hannunta. Bakinta ya riga ya yi nauyi, amma ko da bai yi ba na san ba za ta faɗa ba. Sai na ji ɗan yatsanta a bayan hannuna, a hankali, sau uku. Na ce na'am, Dada.

To Bello, ka ji. Fa'iza, kin ji. In wani ya sake tambayarku ku ce kakarku ce ta fara rera waƙar uwarku yadda duniya ta san ta.

Saura ke babbarsu. Ina yarinya na rantse in na haifi 'yar fari sai na kira sunanta har ta gaji da ji. Da aka miƙo mini ke a tsumma na buɗe baki, sai harshena ya ƙi, sunan ya yi mini girman da ba zan iya jefa shi a tsakar gida kamar na kowa ba. Na san kina jin zafin abin, na ji kina gaya wa Fa'iza cewa Mama na iya sa dubban mutane su kira suna amma ita ta kasa kiran naki. Na kuma san kin bi rubutun nan daga farko kina nema, ba ki gan shi ba. Gobe da safe in na zo tashinki, na ƙwanƙwasa ƙofar ɗakinki ban ce komai ba kamar yadda na saba, kada ki yi saurin buɗewa. Ki tsaya ki ƙirga.